HATTARA DA SOJAN GONA MAI KARƁAR HARAJI

Gabatarwa

Idan mutum ya sa rigar da ba tasa ba, ya yi kamar shi ma'aikacin hukuma ne domin ya tsorata jama'a ya karɓe musu dukiya, Hausawa sukan ce ya yi sojan gona. A da, mai irin wannan sana'a sai ya nemi kaki da hula, ya taka da ƙafarsa zuwa ƙauye, kuma kullum yana cikin fargabar kada wani ya gane fuskarsa. Yau kuwa yana zaune a ɗakinsa, a wani gari mai nisa ko ma wata ƙasa, sai ya aiko da saƙo ta imel ko tes ko WhatsApp, ya ce shi jami'in haraji ne, ana bincikenka, kuma idan ba ka yi abin da ya ce yau ba, za a rufe maka asusun banki.

Manufar wannan rubutu ita ce a bayyana wa ɗalibai da malamai da iyayenmu yadda wannan zamba take tafiya, da abin da ɓarawon yake nema, da kuma yadda hukumar haraji ta gaskiya take aikinta. Wanda ya san yadda jami'i na gaskiya yake zuwa, da wuya na jabu ya ruɗe shi.

Yadda haraji yake a da a ƙasar Daura

Dattawanmu ba su manta da zamanin haraji da jangali ba. A zamanin En'e, wato har da tsawon mulkin Sarkin Daura Abdurrahman wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, kowane baligi namiji yana biyan haraji, masu shanu kuma suna biyan jangali. Mai unguwa ne ya san gidajen unguwarsa, shi yake tarawa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali. Wanda ya biya sai a ba shi rasit, ya naɗe ya ajiye a aljihu, domin ana iya tambayarsa a kan hanya ko a kasuwa. Wanda ya kasa biya yakan sha wulaƙanci, har wasu sukan bar garinsu saboda tsoro.

A shekarar 1979, Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, kuma a lokacin Daura tana cikinta, domin sai a ranar 23 ga Satumba, 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. An soke harajin, amma tsoron kalmar ya zauna a zukatan mutane. Har yanzu idan aka ce wa mutum hukuma tana nemansa a kan haraji, gabansa yakan faɗi tun kafin ya tambayi dalili. Wannan tsoron shi ne jarin ɗan damfara.

Akwai abu ɗaya da ya kamata mu lura da shi game da wancan zamani. Duk tsananin harajin, mai karɓarsa sananne ne. An san gidansa, an san ubansa, an san wanda ya naɗa shi. Saƙon da yake shigowa waya ba shi da fuska, kuma kowa yana iya rubuta kowane suna a kansa.

Daga wasiƙar gidan waya zuwa imel

Kowa ya san lambar nan 419. Asalinta sashe ne na kundin dokokin manyan laifuffuka da ake aiki da shi a kudancin Nijeriya, wanda ya yi magana a kan karɓar dukiyar wani ta hanyar yaudara. A nan Arewa muna da namu kundin daban mai hukunta zamba, amma sunan 419 shi ya bi bakin jama'a. A shekarun 1980 da 1990 'yan damfara suna aika wasiƙu ne ta gidan waya da na'urar faks zuwa ƙasashen waje, da tambarin ma'aikatun gwamnati na jabu a kansu. Abin ya yi yawa har gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa dokar soja ta musamman a kansa a 1995.

Babban misali na wancan lokaci shi ne na Emmanuel Nwude. Tsakanin 1995 da 1998 ya yi kamar shi ne Paul Ogwuma, Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, ya yaudari wani babban jami'in bankin Banco Noroeste na ƙasar Brazil da kwangilar gina filin jirgin sama a Abuja, filin da babu shi ko a takarda. Kuɗin da aka yi asara sun kai kimanin dala miliyan 242. Hukumar EFCC, wadda ta fara aiki a 2003 a ƙarƙashin Malam Nuhu Ribadu, ita ta gurfanar da shi, kuma a 2005 wata kotu a Legas ta same shi da laifi. Ku duba fa, wanda aka cuta ma'aikacin banki ne mai ilimi da gogewa. Saboda haka kada wani ya ce shi ya yi boko, ba za a iya ruɗarsa ba.

Waccan zamba da kwaɗayi take kama mutum, domin ana yi masa alkawarin riba mai yawa. Ta haraji kuwa da tsoro take kamu, shi ya sa take cin har mutanen kirki waɗanda ba su da kwaɗayin kayan kowa. Kuma ba a Nijeriya kaɗai ake yinta ba. A watan Oktoba na 2016, 'yan sandan Indiya sun kai samame wasu ofisoshin buga waya a Thane, kusa da birnin Mumbai, inda ɗaruruwan matasa suke kiran mutanen Amurka suna cewa su jami'an harajin Amurka ne, a biya nan take ko a sha ɗauri. Hukumar harajin Amurka ta sha nanata cewa ba ta fara tuntuɓar kowa ta imel domin neman bayanan sirrinsa.

Abin da ya sa maganar ta taso yanzu

A ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda 4, kuma manyan tanade-tanadensu suka fara aiki a watan Janairu na 2026. Hukumar tara haraji ta tarayya da aka sani da FIRS ta koma NRS. Aka yi ta jita-jita a kasuwa da tasha da WhatsApp cewa gwamnati za ta riƙa cire haraji kai tsaye daga asusun kowa, har sai da Taiwo Oyedele, wanda ya shugabanci kwamitin da ya tsara dokokin, ya fito ya ƙaryata. Duk lokacin da doka ta canza, suna ya canza, jama'a kuma ba su gama fahimta ba, to kasuwar ɗan damfara ta buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ga kuma wani dalili. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, mutane da yawa a Daura da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure da Sandamu suka koma ciniki ta taransifa da POS. Mai sayar da shanu a kasuwar Mai'aduwa, da mai shago, da malamin firamare, kowa kuɗinsa yana cikin wayarsa. Inda dukiya ta koma, nan ɓarawo yake binta.

Siffar saƙon jabu

Saƙon yakan zo da tambarin hukuma mai kyau, domin kwafar tambari daga intanet ba ya ɗaukar minti ɗaya. Yawanci da Turanci ake rubuta shi, kuma ma'anarsa ba ta wuce haka: an binciki takardunka an ga ba ka biya harajin shekara kaza ba, an ci ka tara, kana da awa 24 ko 48 ka tabbatar da bayananka, in ba haka ba za a rufe asusunka a kai ka kotu. A ƙasa sai a sa wani ɗan rubutu mai launin shuɗi da ake kira linki, a ce ka taɓa shi.

Idan mutum ya taɓa, sai ya kai shi wani shafi mai kama da na hukuma, inda za a ce ya rubuta cikakken sunansa, da ranar haihuwa, da lambar BVN, da NIN, da lambobin da suke jikin katin ATM, da lambar sirri. Wani lokaci takarda ake liƙowa a saƙon a ce sakamakon bincike ne, alhali kuwa muguwar manhaja ce wadda idan aka buɗe ta za ta zauna a waya ko kwamfuta tana kwashe abin da ake rubutawa. Akwai kuma wanda yake zuwa da albishir, a ce ka biya fiye da kima, za a mayar maka da rara, sai dai ka ba da bayanan katinka. Bayan saƙon, sau da yawa sai wani ya bugo waya da murya mai ladabi, ya kira ka da cikakken sunanka, ya ce zai taimake ka a kashe maganar. Sanin sunanka ba shaida ba ne, domin ana samun suna daga Facebook, ko daga takardun da muke bari a shagunan hoto da buga takardu.

Mene ne satar suna?

Kuɗin tarar da ake cewa a biya ƙaramin abu ne a wurin ɓarawo. Abin da ya fi so shi ne ya zama kai. An ƙaddamar da BVN a watan Fabrairu na 2014, lamba ce mai alƙaluma 11 wadda ta haɗa duk asusun mutum na kowane banki. NIN ita ma alƙaluma 11 ce, daga hukumar katin ɗan ƙasa ta NIMC, kuma tun Disamba na 2020 aka wajabta haɗa ta da layin waya. A ƙarshen 2025 hukumar haraji ta bayyana cewa NIN ce za ta zama lambar harajin kowane mutum. Ke nan banki da waya da haraji duk sun rataya a kan waɗannan lambobi biyu.

Wanda ya sami waɗannan lambobi tare da hotonka da ranar haihuwarka yana iya ƙoƙarin buɗe asusu da sunanka a bankunan nan na cikin waya, ko ya ci bashi a manhajar ba da rance, sai dai ka ji ana kiran 'yan'uwanka ana cewa kai maci bashi ne. Yana iya karɓar kuɗin sata ko kuɗin fansa ta wannan asusu, ranar da jami'an tsaro suka bi sawu, ƙofar gidanka za su ƙwanƙwasa. Idan kuma ya sami layin wayarka, ko ta sace wayar ko ta sabunta layin da sunanka, to duk lambar wucin gadi da banki yake aikowa, wadda ake kira OTP, hannunsa za ta faɗa. Haka kuma ake ƙwace WhatsApp na mutum: a kira shi a ce za a yi taron ƙungiya ko na ikilisiya ta waya, ya karanto lamba 6 da aka turo masa. Da zarar ya karanto, sai a fara roƙon kuɗi da sunansa a wurin duk waɗanda suka yarda da shi.

A watan Yuli na 2025, EFCC ta yi gargaɗi cewa akwai matasa kimanin 12,000 a faɗin ƙasar nan da suke bin mutane suna sayen takardar NIN da BVN da hoto a kan Naira 1,500 zuwa 2,000, su kuma su sayar a kan kimanin Naira 5,000. Ɗalibai, ku yi tunani a kan wannan. Kuɗin da ba zai wuce cin abincin yini ɗaya ba, a kansa mutum yake miƙa sunan da iyayensa suka raɗa masa, wanda zai ɗauka har ƙarshen ransa.

Yadda hukuma ta gaskiya take aiki

Da farko, mu san wanda yake da hakkin karɓar harajinmu. Harajin kuɗin shiga na mutum ɗaya na jihar da yake zaune ne. Malamin makaranta ko ɗan kasuwa mazaunin Daura, Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Katsina yake biya. Hukumar tarayya tana kula ne da harajin kamfanoni, da harajin kayan masarufi na VAT wanda ya zama kashi 7.5 cikin 100 tun Fabrairu na 2020, da kuma na wasu rukunin ma'aikata kamar sojoji da 'yan sanda. Don haka idan malamin makaranta ya ga imel wai daga Abuja ana binciken albashinsa, tun daga nan ya kamata ya yi shakka.

Na biyu, mai albashi ana cire masa haraji tun kafin kuɗin su shigo hannunsa, a tsarin da ake kira PAYE, kuma wurin aikinsa ne yake da alhakin kai wa hukuma. A sabuwar doka, Naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu, kuma mai karɓar mafi ƙarancin albashi an yafe masa. Ɗalibin da ba ya samun kome ba shi da abin da za a bincika.

Na uku, bincike na gaskiya yana da tsari. Ana aiko da sanarwa a rubuce, daga ofishin da aka sani, kuma jami'an da za su zo suna da katin shaida. Idan an yanka wa mutum harajin da bai yarda da shi ba, doka ta ba shi kwana 30 ya rubuta ƙorafi, bayan haka kuma akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji. Hukumar da ta ba ka kwana 30 ba za ta ce maka saura awa 24 ba.

Na huɗu, kuɗin haraji asusun gwamnati suke shiga, a ba ka rasit. A matakin tarayya, tun 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya tilasta a riƙa zuba kuɗin shiga a asusun bai ɗaya na TSA. Duk wanda ya ba ka lambar asusu mai ɗauke da sunan wani mutum ya ce ka tura haraji, ɓarawo ne.

Na biyar, kuma mafi muhimmanci, babu jami'in haraji, babu ma'aikacin banki, babu ɗan sanda da aikinsa yake buƙatar lambar sirrin katinka ko OTP. Duk wanda ya tambaya ya riga ya tona asirin kansa.

Matakan kare kai

1. Kada ka taɓa linki ko ka buɗe takardar da ta zo cikin saƙon da ba ka sa ran zuwansa ba.

2. Duba adireshin wanda ya aiko. Adireshin hukumomin gwamnatin Nijeriya yana ƙarewa da .gov.ng. Hukuma ba ta aiko da sanarwa daga Gmail ko Yahoo. Ko da adireshin ya yi kama da na gaskiya, a karanta shi harafi bayan harafi, domin sukan sauya harafi ɗaya, wani lokaci ma sukan iya ɓoye adireshinsu na ainihi.

3. Kada ka kira lambar da take cikin saƙon domin tabbatarwa, gama ɓarawon ne zai ɗauka. Ka taka zuwa ofishin haraji ko bankinka, ko ka tambayi akawun wurin aikinka. Matambayi ba ya ɓata.

4. Ka sa wa layin wayarka lambar sirri, ka kuma kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp da imel. Kada lambar ta zama shekarar haihuwarka.

5. Kada ka ajiye hoton katin ATM ko lambar sirri a cikin waya. A wurin mai POS, kai da kanka za ka danna lambarka, ka kuma rufe da hannu.

6. Idan ka buga takardar NIN a shago, ka tabbata an goge ta daga kwamfuta, kuma kada ka bar kwafin da ya lalace a kwandon shara.

7. Idan aboki ko shugaba ya roƙi kuɗi ta saƙo, ka kira shi ka ji muryarsa tukuna.

Idan abin ya riga ya faru

Kunya ita ce take ƙara wa ɓarawo lokaci. Wanda ya gane ya ba da bayanansa, ya hanzarta rufe asusunsa. Bankuna suna da gajeriyar lambar da ake dannawa domin rufe asusu ko daga wayar wani, kuma ya kamata kowa ya nemi ta bankinsa ya rubuta ya ajiye tun yau. Daga nan ya je banki ya kai ƙorafi a rubuce, ya karɓi shaidar cewa ya kai. Idan waya ce ta ɓata, a je ofishin kamfanin a rufe layin. A canza duk lambobin sirri, a sanar da 'yan'uwa kada su tura wa kowa kuɗi, kuma kada a goge saƙon domin shaida ne. Sai a kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Idan banki bai warware matsalar cikin mako 2 ba, Babban Bankin Nijeriya yana da sashen kare hakkin masu hulɗa da bankuna inda ake ɗaukaka ƙorafi. Ba kullum ake dawo da kuɗin ba, amma wanda ya yi sauri ya fi samun dama.

Kalma ga ɗalibai

Ku ne kuka fi iyayenku sanin waya, kuma a gidaje da yawa ku ake miƙa wa ita a ce ku karanta saƙon da ya shigo. Wannan amana ce babba. Idan Baba ko Mama sun tsorata da saƙo, ku kwantar musu da hankali, ku ce a bari sai an tambaya. Ku koya wa kakanninku magana ɗaya tak: lambar sirri ba a faɗa wa kowa.

Haka kuma wata rana wani zai zo muku da cewa wannan harka wayo ce, ana samun kuɗi ba gumi. Ku sani Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri da tara ga mai satar bayanan mutane da mai yin sojan gona da sunan wani. Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, ya yi ta nuna motoci da tufafi masu tsada a Instagram, amma an kama shi a Dubai a watan Yuni na 2020, kuma a Nuwamba na 2022 wata kotu a Amurka ta ɗaure shi fiye da shekara 11. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ban da hukunci, ku tuna cewa kuɗin da ake kwashewa fanshon wani tsoho ne, ko jarin wata gwauruwa, ko kuɗin makarantar yaro kamarku.

Kammalawa

Biyan haraji na gaskiya hakki ne a kan duk wanda doka ta ɗora wa, kuma ba a ce kowa ya yi watsi da takardar hukuma ba. Abin da ake cewa shi ne a tabbatar kafin a biya, kamar yadda kakanninmu ba su miƙa kuɗinsu sai ga mai unguwar da suka sani, su kuma karɓi rasit. Jami'i na gaskiya ba ya jin haushi idan ka ce za ka zo ofis ka same shi, na jabu ne yake cewa babu lokaci. Duk wanda ya karanta wannan, ya daure ya bayyana wa mutanen gidansu da maƙwabta, musamman waɗanda ba su iya karatu ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mu da dukiyarmu da sunanmu, amin.